Inna Na-Gaba da Cokali Biyu

Shekara talatin da ɗaya Inna Na-Gaba ta yi tana dafa wa mutum ɗari uku abincin rana a kicin ɗin wata masana'antar takalma, kuma a faɗarta ba a taɓa samun wanda ya maido mata da faranti da saura ba. Ni ban ƙaryata ta ba. Sai dai mutumin da ya wuni tun safe yana buga ƙusa a dunduniyar takalmi, ko igiya aka dafa masa zai cinye ya nemi ƙari. Amma wannan ba maganar da ake yi a gabanta ba ce.

Sunan ma a can ta samo shi. Ƙarfe ɗaya na bugawa za a ɗaga tagar rabo, ma'aikata su jeru da farantansu, ita kuma tana tsaye a bayan tukunya da ludayin ƙarfe mai tsawon hannun mutum. Ludayi ɗaya na shinkafa, ɗaya na miya, sai ka ji, "Na gaba!" In ka ce a ƙara maka, "Na gaba!" In ka ce mata matarka ta haihu jiya, "Allah ya raya, na gaba!" A minti arba'in take sallamar kowa. Ba ta san sikeli ba, ba ta san ɗanɗana miya ba. Gishiri damƙi bakwai ne, hannunta ya sani, magana ta ƙare. Kuma ba a ajiye gishiri a kan tebur a wurinta, don a ganinta wanda ya ƙara wa abincin da ta sauke gishiri ya zage ta ne a fakaice.

Akwai doka guda da tsohon kukun da ya koya mata aiki ya kafa mata tun ranar farko: mai rabo ba ya ci sai kowa ya ci, kuma ba ya ci a gaban mutane. Ya ce mata, "Ranar da ma'aikaci ya ga bakinki yana motsi, zai rantse namansa kike taunawa." Ta riƙe wannan fiye da yadda wasu ke riƙe wasiyyar uba. Sai an sauke taga, an watse, sannan za ta kankare gindin tukunya ta koma lungu, ta juya fuskarta ga bango, ta ci a tsaye cikin minti biyu. Haka take yi a wurin aiki, haka take yi a gida, har mijinta ya rasu bai canja mata ba.

Da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango da ludayin nan nata, ta koma gidan babban ɗanta. Matarsa mutuniyar kirki ce, kuma kirkin nata ne ya kusa kashe Inna. Ta taɓa tsintsiya, "Inna, ki huta." Ta leƙa kicin, "Inna, ki huta." Shekara biyu tana hutawa, tana kallon agogon nan, in ƙarfe ɗaya ta buga hannunta na dama ya riƙa ƙaiƙayi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta fara jin kanta kamar tsohuwar kujerar da ake jin nauyin jefarwa.

Ana cikin haka 'yar autarta ta bugo waya. Auta malamar lissafi ce a sakandare, ta haifi ɗanta na fari, hutun haihuwa da na makaranta suka haɗu suka ba ta wata shida a gida. Yanzu saura kwana goma sha biyu ta koma aiki, yaro kuwa bai san komai ba sai nono. Ta shimfiɗa wa uwarta maganar yadda take shimfiɗa wa ɗalibai a allo. In yaro ya karɓi cokali kafin ranar Litinin ta sama, zai riƙa wuni a gida da kakarsa, Inna ta tare a wurinsu ke nan. In bai karɓa ba, dole ta kai shi gidan rainon da ke jikin makarantarsu, inda za ta riƙa leƙawa tana ba shi nono a lokacin hutun tara.

Inna ba ta bari ta kai ƙarshe ba. Washegari da hantsi ta iso da jakarta, kan ludayin yana leƙowa ta bakin zif.

Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo, da wani kicin wanda in za ka buɗe firji sai ka fita waje tukuna. A falo ta tarar da jikan nata an tokare shi da matasai huɗu. Kansa sanƙo ne tas, haɓarsa hawa biyu, ya ɗora hannu a kan tumbi yana yi mata kallon wanda ya makara zuwa aiki. Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ai Manaja ne," ta ce. "Wallahi har hararar." Sunan ya bi shi tun daga ranar, har ubansa ya koma kiransa da shi.

Auta ta ɗauko takardar da nas ta rubuta mata a wurin awo. "Inna, kin ga. Cokali biyu za a fara da shi. Abu ɗaya a rana, a dafa shi ya yi laushi, a murƙushe. Ba gishiri, ba sukari, ba zuma."

"Ba gishiri? Laifin me ya yi?"

"Ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba, Inna."

"To, Allah ya ƙwarara ta. Cokali nawa kika ce?"

"Biyu."

Inna ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar da ta bar aiki. "Ke Auta, ni da na cika cikin ƙarti ɗari uku, sai wannan da ko haƙori ba shi da shi? Kwana goma sha biyu ya yi yawa. Ki ba ni gobe kawai." Baki dai shi ke yanka wuya.

Da safe ta tafi kasuwa sayen dankali guda ɗaya. Ta tsaya a gaban mai dankali, ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Macen da motar kaya ke sauke wa buhu ashirin a ƙofar kicin, yau ta dubi idon mutum ta ce masa guda ɗaya? Da rabin buhu ta dawo. Ta zauna da niyyar fere biyu, ɗaya na yaro ɗaya na ko-ta-kwana, amma hannun da ya yi shekara talatin yana fira ba ya jin kira. Tana tunanin duniya wuƙa na tafiya, ko da ta farga ɓawo ya kai mata idon sawu. Ta dafa a babbar tukunyar gidan, ta murƙushe, ta juye a bahon wanki sabo. Da ta ɗebi cokali biyun Manaja daga sama, ko wurin da ta ɗiba ba a gani.

Ta ɗaura gyalen aikinta a ƙugu, ta zo ta tsaya a kansa ƙiƙam, yadda ta saba tsayawa a taga. Cokali ya sauko daga sama da saurin rabo. Manaja ya dubi cokalin, ya dubi matar da ke bayansa, ya haɗe leɓɓansa ya ɗinke. Ta gwada ta dama, ya juya hagu. Ta biyo ta hagu, ya sa bayan hannu ya make cokalin, dankali ya tashi ya sauka a gilashin talabijin.

"Na gaba!" in ji Inna, kafin ta san ta faɗa. Ta waiga. Ba kowa a bayan Manaja sai bango.

Sauran aiki kuma baho. Inna ba ta zubar da abinci. A wurinta wannan zunubi ne da ke gaba da sata. Saboda haka da surukinta ya dawo daga aiki, aka ajiye masa faranti an tula. Mai gyaran lantarki ne, mutum mai kunya da ladabi, irin wanda in ka taka shi zai ba ka haƙuri. Ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya waiga yana neman gishiri a tebur. Auta ta girgiza masa kai a hankali daga bayan uwarta.

"Yaya dai?" in ji Inna.

"Ya yi daɗi, Inna. Sannu da aiki."

"Ka ji mai hankali. Kawo in ƙara maka, ɗanka ya raina."

Wannan ne karo na farko da aka ji ta yi wa wani tayin ƙari, kuma bawan Allah bai ji daɗin zama na farkon ba. Daga ranar ya fara yawo da gishiri a cikin wata 'yar robar kusoshi a jakar kayan aikinsa.

Cikin kwana biyu ta mayar da gidan kantin ma'aikata. Karin safe ƙarfe bakwai, na rana ƙarfe ɗaya, ba a jiran kowa. Tana ajiye wa Auta da mijinta faranti sai ta sunkuci Manaja ta goya shi ta shige kicin ta ja ƙofa, wai su ci a natse, kuma yaro ba ya kallon bakin manya, kwaɗayi yake koya. Su gama ta kwashe kwanuka, ta juya ga bango ta ci nata a tsaye, Manaja yana bayanta yana nazarin ƙeyarta.

Rana ta uku Auta ta ga bahon karas, ta ce abin ya isa. Ta ɗauko biro ta zauna ta yi lissafi: in mutum ɗari uku na cin kaza, to jariri ɗaya mai cokali biyu zai ci kaza. Ta rubuta amsar da manyan baƙaƙe ta manna a ƙofar firji: RABIN KARAS ƊAYA.

"Rabi?" in ji Inna. "Ɗaya rabin kuma fa, gado za a raba?"

Duk da haka ta gwada, don kada a ce ba ta jin magana. Ta sa rabin karas a wata 'yar tukunya mai kama da kofin shayi, ta ɗora a wuta, ta fito falo ta zauna jiran minti arba'in kamar yadda ta saba. A minti na goma sha biyar hayaƙi ya cika gidan. Surukin ya fito a guje da abin gwajin wuta a hannu yana shinshina soket ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ɗaga tukunyar, ta dubi gawayin da ke ciki, ta yanke hukunci cewa tukunya ce marar haƙuri, ba a yi ta don girki ba. Ta koma wa babbar.

Da cikin suruki ya kasa, sai ta sauka ƙasa. Akwai tela mai shago a ƙarƙashin bene, akwai kuma tsohon maigadi a bakin ƙofa. Ranar farko sun karɓa da hannu biyu, suna sa mata albarka, suna cewa rabon da a tuna da su a gidan nan har sun manta. Ranar karas suka yi godiya a taƙaice. Ranar kabewa tela ya tambaya, cikin ladabi, ko akwai marar lafiya a sama. Ranar da ta sauko da ayaba talatin da aka murƙushe har ta fara baƙi, maigadi ya daɗe yana duban kwanon kafin ya ce, "Hajiya, yaron nan dai Allah ya sa ya fara ci. Duk muna taya ku addu'a." Da gaske yake har zuciyarsa.

Manaja kuwa yana kan bakansa. Ubansa ya yi masa jirgin sama da cokali, yana ƙugi yana zagaya falo. Yaro ya yi dariya har da shewa, jirgi na zuwa sauka ya rufe filin. Uwarsa ta gwada, ya ture cokalin ya cusa kai a ƙirjinta, don ya san inda kantin gaskiya yake. Inna ta canja cokalin ƙarfe zuwa na roba, ta canja na roba zuwa yatsa. Ta yi lallashi, abin da ba ta iya ba, ya fito kamar gargaɗi. Har ludayin ta ɗauko ta nuna masa, ko zai san da wa yake yi. Ya karɓa ya rungume, ya tsotsi mariƙin da marmari, ya bar mata kabewarta.

"Ka ga ɗan banza," ta ce. "Ƙarfe yana ci, abinci ne ba ya ci."

A rana ta takwas, suna ninke kayan yaro da la'asar, Auta ta ce, "Inna, ni da me kika fara mini? Wataƙila ya gado ni ne."

Inna ta ci gaba da ninke kayan. Ta nemi amsar a ko'ina a kanta ba ta same ta ba. Ta tuna ranar da tukunyar miya ta fashe a shekarar da aka haifi Auta, ta tuna sunan direban da ke kawo albasa, amma ba ta tuna cokalin farko na 'yarta ba, domin ba ta nan aka ba ta. Motar ma'aikata kan ɗauke ta tun gari bai gama wayewa ba, ta dawo da ita yara sun ci sun yi wanka. Gwaggonsu, yayar mijinta, ita ta fara wa 'ya'yan Inna duka huɗun abinci, ita ta san wanda ke son me. Ita Inna kuɗin makaranta da takalman salla daga masana'anta ta sani.

"Da abinci mana," ta ce. "Da me ake fara wa mutane?" Ta tashi ta shiga kicin tana goge murhun da ta riga ta goge. Abin ya tsaya mata a rai, ya yi mata ciwo fiye da duk cokulan da Manaja ya make.

Ranar Asabar Auta ta dawo daga makaranta da takardar gidan raino, ta ajiye a kan tebur ba ta cike ba. Ta zauna kusa da uwarta tana murza yatsu.

"Inna, ba laifinki ba ne. Wasu yaran haka suke, sai sun kai wata bakwai. In ya fara ci sai ki dawo."

Da zaginta ta yi da ya fi sauƙi. Inna ta san irin wannan dawowar. Ita ma ta sha ce wa masu neman aiki a kicin su dawo wani watan. Ta ce, "Ba komai," ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta. Ta hango kujerarta a gidan babban ɗanta, da agogon bango, da muryar nan mai daɗi tana cewa ta huta.

Lahadi da hantsi jakarta na bakin ƙofa, ludayi na leƙowa. Surukin ya fita tun da wuri, wai an kira shi gyaran gaggawa, ko da yake ba wanda ya ji wayarsa ta yi ƙara. Auta tana ɗaki tana gugar kayan da za ta sa gobe. Inna ta dafa dankali da kabewa na ban kwana, kuma ta yi ƙoƙari ƙwarai, don wannan karon bai wuce cin mutum goma ba. Ta tsaya a kan Manaja ta miƙa cokali sau uku. Ko kallonta bai yi ba, yatsan ƙafarsa yake bincike.

Ta ɗauki kwano ta sauka. Tun tana kan matakala take jin keken tela yana gudu, tana taka ta ƙarshe ya yi tsit. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, shiru, ga takalmansa a bakin ƙofa, ga labule yana motsi. Ta juya wurin maigadi. Yana hango ta ya miƙe tsaye ya dafe ciki.

"Hajiya, wallahi da na ci. Likita ne ya hana ni."

"Ya hana ka me?"

"Duk abin da ba gishiri."

Ta dube shi, ya dubi ƙasa. Ta juya ta hau benen da kwanonta a cike, a hankali, tana dafa bango. Shekara talatin da ɗaya ba a maido mata da faranti ba, yau ga shi ita ke yawo da shi ana ɓuya. Da ta shiga falo gwiwoyinta suka ce sun gaji, kicin ya yi musu nisa. Ta zube a kan darduma, daidai gaban Manaja, ta miƙe ƙafafu, ta ajiye kwanon a cinya.

Ba mai ci, kuma ba a zubarwa. Saura mutum ɗaya ke nan a layi. Ta ja tsaki, ta cika cokali ta kai bakinta.

Sai a lokacin ta san abin da take ba mutane. Fuskarta ta yamutse, idonta ya rufe, ta haɗiye da ƙyar. "Innalillahi," ta ce. "Wannan abin surukina ya yi kwana tara yana ci yana cewa ya yi daɗi? Allah ya yi masa albarka, Auta ta yi dacen miji." Ta sake cikawa, don aiki ne sai an gama shi. Tana cikin tauna ta uku ta ji falon ya yi shiru irin wanda ba ta saba ji ba.

Manaja ya saki ƙafarsa. Ya zuba wa bakinta ido ko ƙiftawa ba ya yi. Cokali ya tashi daga kwano, idonsa ya bi shi. Ya shiga bakinta, nasa bakin ya motsa. Ta tauna, ya tauna iska, miyau na zuba a haɓarsa ta biyu. Tunda ya zo duniya ya fara wayo, bai taɓa ganin inda cokali yake zuwa ba in ba a fuskarsa aka nufo shi ba. Ya miƙo hannu.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Inna, ta janye kwanon. "Kai ai ka ƙoshi. Mu talakawa ne muke ci."

Ta kai wani bakinta tana kallonsa. Ya buga cinya da hannu biyu, ya yi wata ƙara ta wanda aka hana haƙƙinsa, ya turo kai gaba har matashi ɗaya ya faɗi, baki a hangame, ba haƙori ko ɗaya. Inna ta tsaya cak. Ta lakato kaɗan a bakin cokali, ta miƙa a hankali, ba daga sama ba, daga inda take zaune, ido cikin ido. Ya kama. Ya yamutsa fuska daidai yadda ta yi, rabi ya dawo ta gefen baki, ya tsaya yana shawara da kansa. Sai maƙogwaronsa ya motsa.

Ta miƙa na biyu da sauri, ya kawar da kai. Ta gane nufinsa: sai ta ci tukuna. Ta ci, ya ci. Ta ci, ya ci. "Haka Manajan gaske yake," ta ce masa. "Bai yarda da kowa ba."

Ba ta ji fitowar Auta ba. Ashe Auta na tsaye a bakin ƙofar ɗaki da rigar da ta goge a hannu, ta ƙirga cokali biyar da idonta na malamar lissafi, amma daga na biyar ɗin ta daina kallon ɗanta.

"Inna," ta ce a hankali, "ashe haka kike tauna."

"Kamar yaya? Da kunne ake tauna?"

"Shekarata ashirin da tara, ban taɓa ganin kin zauna kin ci abinci ba. Ban taɓa ganin bakinki da abinci a ciki ba. Muna yara har gardama muke yi, yaya yana cewa ke ba kya ci, ƙamshi ne ke ƙosar da ke."

Kunya ta kama Inna kamar an kama ta da naman wani a baki. Ta yunƙura za ta tashi ta koma kicin, Auta ta yar da rigar ta zo ta zauna a kan gefen zanenta, ta danne. Manaja ya yi atishawa, kabewa ta watsu har goshinsa. Auta ta waiga neman tsumma ba ta gani ba, ta miƙa hannu kan tebur ta jawo takardar gidan raino, ta yage ta biyu ta goge masa haɓa da ita.

"Jakar nan ta tare hanya, Inna," ta ce. "In an jima a mayar da ita ɗaki."

Inna ta gyara kwanon a cinyarta. Ta sunkuyar da kai ta cika cokali ta miƙa wa Manaja, amma shi ya gama. Ya jingina da matasansa, ya ɗora hannu a tumbi, ya rufe ofis. Cokali ya tsaya a iska a cike, kuma bakin Inna ya yi abin da ya saba.

"Na gaba," ta ce.

Auta ta matso, ta buɗe baki.

Hannun da ya raba wa mutum ɗari uku abinci kullum bai taɓa zubar da ɗigo ba, yau sai da ta tallafe shi da ɗayan kafin cokalin ya isa. Auta ta karɓa, ta tauna, ta yamutsa fuska irin ta gidan, hawaye na gangaro mata tana dariya.

"Inna, ba gishiri."

"Ƙodarki ba ta yi ƙwari ba."

Auta ta share ido da bayan hannu, ta sake matsowa. "To, a ƙara mini."

Inna Na-Gaba ta dubi 'yarta. Ba ta kira na gaba ba. Ta mayar da cokalin cikin kwano, ta ciko shi har yana zuba.